Aikin wani mai walda a Katako: kayan hangen jirgin ruwa a garin da ba teku

Malamai uku ke nan suna tambayata inda aka ƙera mini "bindigogin" nan biyu da ke jingine a bayan ajinmu. Ba bindigogi ba ne, bututu ne bisa ƙafa uku, kuma nan Yamai aka yi su, a kasuwar Katako, wurin wani dattijo mai walda da ke can ciki bayan masu sayar da tsofaffin kwanon rufi. Zan faɗi abin da ya yi mini da abin da na biya, inda ya burge ni da inda ya sa na ciji yatsa. Sai dai in ban fara da abin da ya kai ni wurinsa ba, ba za a gane da wane mudu nake auna aikin ba.

Lissafi nake koyarwa, bana shekara 19. A cikin hutun bara ɗan yayata, wanda ke tuƙin babbar mota a Amurka, ya aiko mini da hoto ta WhatsApp: wani dogon gini na kankare, zagayayye kamar rumbu an ja shi sama, tsaye shi kaɗai cikin yashin bakin teku, da ƴan tagogi sirara a kwance kamar idon mai gyangyaɗi. Ya rubuta a ƙasa, "Kawu, ga irin kayanka." Yaron ya san halina.

Ginin yana gabar jihar Delaware. Hasumiya 11 irinsa aka gina a wannan gabar tsakanin 1939 da 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da wasu 4 a ƙetaren ruwa, wajen New Jersey. Abin da suke gadi shi ne bakin mashigin da ke kai jirage har Filadalfiya, inda a wancan lokacin ake ƙera jiragen yaƙi ake tace man fetur. A sansanin Fort Miles aka girke igwoyin, manyansu masu baki inci 16, wato milimita 406. Harsashi ɗaya ya kai nauyin tan guda, yana kuma iya cin wajen kilomita 40. To ga matsalar: wanda ke tsaye gindin igwar ba ya ganin abin da yake harbi. Mutum a tsaye bakin ruwa, idonsa bai wuce kilomita 5 ba teku ya lanƙwashe ya ɓoye masa sauran. In ya hau mita 20, sai ya gani har kilomita 16, jirgi mai dogayen tukwanen hayaƙi ma ya hango kansa daga inda ya fi haka. Hasumiyar ba ta da igwa ko ɗaya a cikinta. Ido ce kawai.

Ido ɗaya kuwa bai isa ba. Yana gaya maka wajen da jirgi yake, ba ya gaya maka nisansa. Shi ya sa ake haɗa hasumiya biyu da aka riga aka auna tazarar da ke tsakaninsu sarai. A kowacce soja na bin jirgin da madubin hangen nesa da ke juyawa bisa faifai mai digiri, wani na gefensa da wayar tarho a kunne. Ƙararrawa ɗaya ce ke bugawa a duk wuraren lokaci guda, bayan kowace daƙiƙa 20 ko 30. Da ta buga, mai hange ya tsayar da hannu, na gefe ya karanta kusurwa ya faɗa a waya. Can cikin wani ɗaki a ɓoye akwai babban tebur mai hannuwa biyu na ƙarfe, kowane hannu na wakiltar hasumiya ɗaya. A juya kowanne zuwa kusurwar da aka faɗa, inda suka gitta nan jirgin yake. A ɗiga alama, a jira ƙararrawa ta gaba, a sake ɗigawa. Daga ɗigo uku ko huɗu an san inda ya nufa da saurinsa, sai a harba ba inda yake ba, inda zai kasance. Harsashin da za shi nesa yakan yi fiye da minti ɗaya a sama, jirgin da ke gudun kilomita 37 a awa kuwa kafin minti ya cika ya yi gaba da mita 600. Ban da gyaran da ake yi saboda iska, da cikar teku ko janyewarsa, da zafin albarushi.

Da na gama fahimtar wannan sai na ajiye wayar na yi shiru. Gefe ɗaya da kusurwa biyu. Alwatika ce, wadda nake zanawa a allo kowace shekara yara na hamma, suna tambayata, "Mushe, wannan me zai yi mana a duniya?" Na ce bana kam sai sun taɓa ta da hannu.

Haka na shiga Katako da zane a takardar kaye. Mutum biyu na fara nuna wa. Na farko ya ce shi ƙofa da taga yake yi. Na biyu ya yanka mini kuɗin da ko babur zan saya sai haka. Wani mai sayar da tsofaffin bulon ne ya ce in shige ciki in tambayi tsohon da ke gyaran sikeli, "shi yake son irin wannan wahalar."

Na same shi zaune kan bencin ƙarfe, tabarau ɗaure da zare, aparanti biyu na buga wani murhu. Na gaishe shi, na miƙa takardar. Ya daɗe yana dubawa, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, sannan ya ce, "Mushe, wannan abin juyawa zai yi ko tsayawa?" Na ce duka biyu, Baba: ya juya ba gardama, in an sake shi kuma ya tsaya inda aka bar shi. Ya ce, "To ka zo da magana." Daga wannan tambayar na san na zo wurin da ya dace, don ita ce gaba ɗayan aikin, ni kuwa ban ma rubuta ta a takardar ba.

Abin da muka shirya: na'urar hange biyu, kowacce da ƙafa uku, faifai mai digiri 360, da bututun leƙe, sai allo ɗaya na katako mai hannuwa biyu. Ya ce jikka 60. Muka yi ta ja har aka tsaya 45, na ba da 25 kafin alƙalami. Ya ce in dawo bayan mako guda.

Mako gudan nan kwana 24 ya zama. Zuwa huɗu na yi. Ran farko an ɗauke wuta, wannan ba laifinsa ba ne. Ran na biyu ya tafi jana'iza, Allah ya jiƙan musulmi. Na uku na tarar an ture aikina gefe ana haɗa gadajen amarya, ya ce mini ba kunya, "Mushe, ranar aure ba ta jira, alwatikarka kuwa tana nan inda take." Ban sami amsa ba. Duk wanda zai kai masa aiki, ya ƙara mako biyu a kan abin da ya faɗa, kada kuma ya kai ana gab da salla ko lokacin bukukuwa.

Amma da kayan suka fito, sai na manta da kuɗin taksin da na ƙona. Wurin juyawar, wanda na ɗauka zai sa bulon ne kawai ya ɗaure da noti, ashe cibiyar ƙafar keke ya nemo, ya wanke ta da kananzir, ya sa mata sabon man giris, ya kafa ta a tsaye tsakiyar faifan. Bututun na bisa kanta. Da ɗan yatsa ɗaya kake juya shi, ba ƙara, ba tsalle. Don ya tsaya inda aka bar shi, ya yanko ɗan guntun fatar takalmi ya matse shi a gefe da wani ƙaramin bulon mai kunne, ka ƙara ka rage yadda kake so. A bakin bututun ya gitta siraran wayoyi biyu na jan ƙarfe da ya warware daga tsohon injin fanka, a ɗaya bakin ya toshe da murfin kwalba ya huda ƙaramin rami daidai tsakiya. Ka sa ido a ramin, ka ɗora giciyen a kan abin da kake so, shi ke nan. Ban ce ya yi haka ba. Ni "bututu" kawai na rubuta.

Ƙafafun ma ya yi tunani. Na zana su tsayi ɗaya, shi kuwa ya sa kowace ƙafa tana zugewa cikin ƴar'uwarta, ya ce ƙasar Yamai ba tebur ba ce. Ya kuma liƙa ɗan ƙaramin nibo irin na magina a kan kowane faifai. In faifan ya karkace, kusurwar da ka karanta ƙarya ce, ko da idonka ya fi na shaho. Tsohon bai taɓa jin labarin wata hasumiya ba, amma shekarun da ya yi yana gyaran sikelin ƴan kasuwa sun koya masa cewa awo daga zama yake lalacewa.

Yanzu ga inda ya ba ni haushi.

Na farko, fenti. Ban ce a shafa komai ba. Na zo na tarar an shafe su da kore irin na kayan soja, wai shi ne ya rage a gwangwani. Ku duba mini: bututu biyu bisa ƙafa uku, koren soja, a bayan taksi, a wannan zamanin da muke ciki. Na ce Baba, so kake in kwana inda ban shirya ba? Ya yi dariya har da tari, ya sa yaro ya sake shafe su da rawaya, amma sai da na ƙara jikka 2 na fentin. Wannan kuɗin har yau ina jin shi, don kuskuren ba nawa ba ne.

Na biyu ya fi girma, shi ne digirin. Da kurfi da guduma aka sassara su a kan faifan alminiyam, ɗaya bayan ɗaya, kuma a ido sun yi kyau ƙwarai. Da na kai gida na ɗora raportar, wato ma'aunin kusurwa, a kai, sai na ga daga 0 zuwa 90 lafiya lau, daga nan tazarar ta fara buɗewa kaɗan kaɗan, har wajen 200 kuskuren ya kusa digiri 2, sannan aka matse na ƙarshen don su shiga. Wato yaron da aka ba aikin ya ga wuri na ƙare masa, ya yi dabara. Faifai na biyu ya fi dama, amma shi ma ba a rasa ba.

Wani zai ce digiri ɗaya ko biyu me ya ɓata? Ga lissafin, kowa ya gwada. Tazarar na'urorinmu mita 100 ce. In ta farko ta karanta 70, ta biyu 75, abin da ake hange yana mita 168 daga ta farko. Ta biyu ta yi kuskuren digiri ɗaya ta ce 76, sai ya koma 173 da rabi. Mita 5, da sauƙi. Amma bari abin ya yi nisa, kusurwoyin su zama 85 da 86: nisa mita 638. Kuskuren digiri ɗaya tak, 87 maimakon 86, ya mai da shi 718. Mita 80 sun tafi a kan tsagar kurfi guda. Dalilin ke nan da ya sa hasumiya biyun da ake haɗawa a can ba kusa da juna suke ba, akwai tazara mai yawa tsakaninsu, kuma na'urar da sojan ke leƙawa tana raba digiri ɗaya gida ɗari. Alwatikar da ta cika tsini ba ta da amana.

Na koma na nuna masa. Bai yi musu ba, wannan na yaba. Ya kira yaron ya nuna masa wurin da yatsa, bai zage shi a gabana ba, ya ce mini, "Mushe, hannu ba ya raba da'ira 360 daidai, sai inji. In kana da mai buga maka a takarda, kawo in liƙa." Haka aka yi. Na sa aka zana da'irar a kwamfuta, aka buga, aka rufe ta da leda mai tauri, jikka ɗaya da rabi duka biyun, shi kuma ya daidaita tsakiyarta da cibiyar keken ya liƙa, bai karɓi ko dala ba. Da ya faɗa mini haka tun ranar farko, da an huta. Shawarata ga duk malamin da zai yi irin wannan: ka je da faifanka bugagge, ka bar masa ƙarfe.

Allon katakon kuwa ba aikinsa ba ne, wani kafinta maƙwabcinsa ya ba, kuma ɗanyen katako aka sa. Kwana goma a ajinmu ya bushe ya yi doro, hannuwan suka daina kwanciya. Na cire su na mayar kan tsohon teburin ofis. Hannuwan kansu, na ƙarfe, miƙaƙƙu ne kamar igiyar magini, da tsagar santimita a jiki.

Ranar gwaji wata Asabar ce cikin sanyi. Niyyata ta farko bakin kogin Isa ce, mu bi kwalekwalen masunta, amma darakta ya ce ko kusa, ba zai sa hannu a ɗauki yara 52 da bututu a nufi wajen gada ba. Ya yi gaskiya. Muka sami wani fili a bayan gari, muka gaya wa mai unguwa tun jajibiri, na kuma kai masa na'ura ɗaya ya leƙa da idonsa. Jirgin ruwanmu amalanken jaki ne, an kafa masa gora da jan ƙyalle, mai shi ya karɓi jikka ɗaya da rabi. Ƙararrawa kuwa tsohon ƙarfen ƙafar motar nan ne da muke bugawa a lakkwal, yaro ɗaya da agogo yana dukansa duk daƙiƙa 30. Tebur na ƙarƙashin wata bedi, an juya wa masu aikinsa baya don kada su ga filin, santimita ɗaya a kansa mita 2 ce a ƙasa. Harsashi kuma wani yaro ne mai ɗan karen gudu: a ba shi kusurwa da yawan taku, ya ruga ya tsaya, in amalanke ya iske shi daidai bugun ƙarfe an ci.

Harbi biyar na farko duk sun faɗi a banza, ba kuma laifin Baba ba ne. Masu hange suna ci gaba da bin amalanken bayan an buga ƙarfe, mai karantawa na faɗin kusurwar da ta riga ta wuce. Sai wata yarinya, wadda a aji ko tari ba ta yi, ta ce, "Mushe, a riƙa buga uku, biyu na shiri, na ukun kowa ya cire hannu." Na dube ta. Haka ƙararrawar hasumiyoyin take yi, ban kuwa taɓa gaya musu ba. Daga nan ɗigon da ke kan tebur suka fara jeruwa kamar sawun tururuwa. Harbi na takwas yaron ya tsaya, jakin ya zo ya wuce shi da bai fi taku huɗu ba. Ihun da yaran suka yi sai da ya fito da matan unguwa.

Sai jakin ya ga ciyawa ya karkata. Duk lissafin ya rushe, masu tebur suka ce an cuce su. Na ce ba a cuce ku ba, abin da matuƙin jirgi ke yi ke nan in ya ga ana harbinsa: ya sauya gudu, ya yi ta kwana, don duk wannan dabarar ta dogara ne ga cewa abin zai ci gaba yadda yake tafiya.

Can kuma kuɗin wayar na'ura ta biyu ya ƙare ana tsakiyar faɗin lamba. Tebur ya makance nan take, ga masu hange na ganin amalanke ƙuru-ƙuru amma ba hanyar faɗa. Na zaunar da su na ba su labarin Longues-sur-Mer a gabar Nomandi ta Faransa, inda Jamusawa suka girke igwa 4 masu baki milimita 150, ɗakin hangensu na can gaba wajen mita 300 a bakin dutse. Bama-baman da aka zuba kafin saukar sojojin ƙawance ranar 6 ga Yuni 1944 ba su rusa ɗakin ba, amma sun tsinke wayar da ta haɗa shi da igwoyin. Washegari sansanin ya miƙa wuya. Yaran suka koma yi wa juna alama da hannu daga nesa, rabin lambobin na zuwa a juye.

Wajen ƙarfe 11 hazo ya sauko, jan ƙyallen ya ɓace mana tun bai kai mita 300 ba. Ya tuna mini da tsibirin Gore. Na taɓa zuwa Dakar wani horo, na hau tudun tsibirin na dafa tsohuwar igwar nan mai baki milimita 240, ba tare da na san ta taɓa aiki ba. Ashe daga 23 zuwa 25 ga Satumba 1940, lokacin Dakar ce hedikwatar mulkin Faransa a yankinmu har da Nijar, jiragen Ingila tare da Janar Digol sun zo karɓar garin daga hannun masu biyayya ga gwamnatin Vishi, gwamnatin Faransa da ke haɗa kai da Jamus. Hazo ya rufe teku, igwoyin gaba suka yi ta wuta, a ƙarshe jiragen suka juya. Na Delaware kuwa har aka gama yaƙin ba su harbi abokin gaba ko sau ɗaya ba. Jirgin Jamus na ƙarƙashin ruwa da ya iso wurin, U-858, ya zo ne a watan Mayu 1945 bayan ya riga ya sallama. Kafin nan ma rada ta fara karɓe aikin ido, don ita ba ruwanta da hazo ko dare, kuma a 1950 Amurka ta rushe rundunar igwoyin gabar teku gaba ɗaya.

Mu da ba mu da rada, muka naɗe kaya.

Wata huɗu ke nan na'urorin na aiki. Aji uku sun yi amfani da su, an auna tsawon filin ƙwallo da nisan tankin ruwan unguwa ba tare da an taka wurin ba. Sau biyu suna faɗuwa, walda ko ɗaya ba ta buɗe ba. Fatar takalmin ɗaya ta cinye, na sauya da kaina. Wayar giciye ta tsinke sau ɗaya da wani ya zura biro a bututun. Ƙarfen yana zafi da rana har ba ya taɓuwa, sai mun naɗa tsumma, kuma suna da nauyi, yaro ɗaya ba ya ɗaukar guda shi kaɗai. Duka-duka, da fenti da bugun takarda, jikka 48 da rabi suka ci, ban sa taksi da jaki ba.

Makon jiya na koma wurinsa da sabon zane. Akwai wata hanyar da hasumiya ɗaya ke auna nisa ita kaɗai: in ka san tsayinka bisa ruwa, ka auna yadda bututu ya sunkuya kafin ya sami gindin jirgi. Ina son mu gwada daga saman benen lakkwal. Ya duba takardar, ya gyara zaren tabarau, ya ce wannan sai an sa masa faifai a tsaye, kuma kada in sake in zo ba da bugaggen digirina ba. Na ce yaushe zan dawo? Ya ce mako guda.